Jan Ƙyallen da Ya Zama Sunan Jinkiri

A lokacin sanyin da ya haɗa ƙarshen shekarar 1854 da farkon 1855, wasu kaya suka iso asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, unguwar da ke tsallaken ruwa daga tsohon birnin Santambul. Taguwoyi ne guda 27,000 gwamnati ta aiko domin sojojin da aka kwaso daga fagen yaƙin Kirimiya, waɗanda da yawansu ke kwance cikin tsummokaran da jini ya bushe a jiki, ƙwarƙwata kuma ta yi gida a ciki. An sauke kayan, an kai su sito. Shugabar masu jinya, Florence Nightingale, ta je ta ce a buɗe. Jami'in da ke riƙe da makulli ya ce shi kam ba shi da ikon kwance ko ɗauri ɗaya, sai kwamitin duba kaya ya zauna ya tantance. Sai bayan mako uku kwamitin ya saki taguwoyin. Haka marubuci Lytton Strachey ya kawo labarin a littafinsa na 1918.

Babu wanda ya saci komai, babu kuma wanda ya karya doka. Hasali ma bin doka sau da ƙafa ne ya bar majinyata cikin sanyi. Irin wannan jinkirin, wanda ba lalaci ko mugunta ke haifar da shi ba sai tsari, Turawan Ingila suna da suna na musamman da suke kiransa: "red tape", wato jan ƙyalle.

Mai sauraron labarai da Turanci ba zai yi mako guda bai ci karo da kalmar ba. Ɗan kasuwa zai ce ita ta hana shi buɗe masana'anta, ɗan takara zai yi alkawarin datse ta idan ya hau mulki, masu kai agaji za su ce ita ta tsayar da motocin abinci a kan iyaka. Abin da ake nufi shi ne tarin takardun cikewa, da sa hannun wane da hatimin wane, da ofis bayan ofis, waɗanda ke cinye lokacin mutum ba tare da an ga amfanin da suka ƙara ba. Turanci na da wasu maganganun na jinkiri, amma yawancinsu mutum ɗaya suke zargi, mai jan ƙafa ko mai ɗage aikin yau zuwa gobe. Wannan kuwa ba ta nuna kowa da yatsa. Akawun da ya ce maka jeka ka dawo, shi ma yana iya yi maka ƙorafin jan ƙyallen, kuma ba lallai ne ƙarya yake ba.

Ƙyallen da ake magana a kai ba ƙirƙira ba ne. Kafin a samu maƙalar takarda ta waya da akwatunan ƙarfe na jera fayil, waɗanda sai a ƙarshen ƙarni na 19 suka yaɗu, lauyoyi da magatakarda naɗe takardu suke yi su ɗaure da siririn ƙyalle saƙaƙƙe, mai launin ja ko ja-ja mai haske. Har yau lauyoyin Ingila da dama suna karɓar takardun shari'a ɗaure da irinsa.

Paparoma, sarki da hatimai 81

Ɗaya daga cikin tsofaffin takardun da ake yawan ambata a wannan tarihi tana ajiye a ma'adanar takardun Fadar Vatican. Wasiƙa ce da manyan masu sarautar Ingila da shugabannin coci suka aika wa Paparoma Clement na Bakwai a watan Yulin 1530, suna roƙonsa ya warware auren Sarki Henry na Takwas da matarsa Catherine ta Aragon. A ƙasan faffaɗar fatar da aka yi rubutun, hatimai 81 ne ke reto, kowanne a jikin jan ƙyalle.

Abin dariyar shi ne, wasiƙar kanta koke ce a kan jinkiri. Henry ya auri Catherine tun 1509, ba su sami ɗa namiji da ya rayu ba, idonsa kuma ya riga ya faɗa kan Anne Boleyn. Paparoma kuwa yana tsaka mai wuya: Catherine ƙanwar mahaifiyar Sarkin Sarakuna Charles na Biyar ce, wanda sojojinsa suka wawashe birnin Rum a 1527. Ba ya iya cewa e, ba ya so ya ce a'a. Sai ya tura Kardinal Campeggio zuwa Landan ya saurari shari'ar. Dattijon ya yi watanni a hanya, ya yi wasu watannin kafin a buɗe zama a 1529, da aka zo gab da hukunci kuma sai ya ɗage shari'ar a watan Yuli, wai kotunan Rum sun tafi hutun bazara. Ba a sake zama ba. Henry ya gaji da jiran gawon shanu, ya auri Anne a 1533, a 1534 kuma majalisa ta ayyana shi shugaban Cocin Ingila. Ƙasa guda ta ɓalle daga Rum, jan ƙafar kotu na cikin dalilan.

Shi kansa Charles na Biyar ana danganta al'adar da fadarsa. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, magatakardan Sifaniya sun riƙa ɗaure takardun da za a kai gaban majalisar sarki da jan ƙyalle, sauran kuma da igiya gama-gari, don a gane masu muhimmanci da kallo ɗaya. Harshen Sifaniyanci ya riƙe wata shaida: sunan ƙyallen ɗaure takardun ofis a wurinsu "balduque", daga Bolduque, yadda suke kiran garin 's-Hertogenbosch na ƙasar Holan, inda ake saƙa shi a zamanin da yankin ke ƙarƙashin sarautarsu. Idan labarin fadar ya tabbata, to alamar gaggawa ce ta rikiɗe ta zama sunan tafiyar hawainiya.

A Turanci, kalmar ta bayyana a rubuce tun ƙarni na 17, a matsayin sunan kayan aikin ofis kawai, kamar tawada da alƙalami. A ƙarni na 18 aka fara yi wa ma'aikata ba'a da ita jefi-jefi. Amma ba ta zama makamin siyasa ba sai a tsakiyar ƙarni na 19, kuma marubuta biyu ne suka wasa ta.

Na farko Thomas Carlyle, ɗan Sikotilan mai zafin alƙalami, wanda a jerin maƙalunsa na 1850 ya yi kaca-kaca da ofisoshin gwamnati na Titin Downing, yana kwatanta su da dajin da ƙyallen ya sarƙe. Na biyu, wanda ya fi shi kai wa ga talaka, shi ne Charles Dickens.

Dickens ya san abin daga ciki. Yana ɗan shekara 15 ya kama aikin akawu a ofishin lauyoyi a Landan, daga baya ya zama mai ɗauko rahoton kotu, sannan na majalisa. A watan Fabrairun 1851 ya buga maƙala a mujallarsa Household Words, kanunta wannan kalma ce tsurarta. Bayan shekara ɗaya ya fara fitar da Bleak House, labarin shari'ar gado da aka yi ta ɗagewa har kuɗin lauyoyi ya lamushe dukiyar gaba ɗaya. Masu karatu sun yi dariya, sun girgiza kai. Sai yaƙi ya zo, dariya ta koma ciki.

Abin da Kirimiya ta tona

Birtaniya ta shiga yaƙi da Rasha a watan Maris na 1854, tare da Faransa da Daular Usmaniyya. Rabon ta da babban yaƙi a Turai kusan shekara arba'in ke nan, kuma kula da soja ɗaya a rarrabe yake tsakanin hukumomi da dama da ba sa ga maciji da juna: masu abinci suna ƙarƙashin Baitulmali, masu makamai daban, masu magani daban, masu jigila daban. A ranar 14 ga Nuwamba guguwa ta nutsar da jiragen ruwa a bakin tashar Balaklava, har da jirgin Prince wanda ke ɗauke da kayan sanyin rundunar. Wannan ƙaddara ce. Abin da ya biyo baya kuwa aikin mutum ne.

An raba wa sojoji ɗanyen kofi, ba soyayye ba, ba niƙaƙƙe ba, a kan tudun da itacen hura wuta ya fi nama wuya. Cutar da rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke kawowa tana zubar musu da haƙora, alhali ruwan lemun tsami, maganinta da kowa ya sani, ya iso tashar tun watan Disamba yana jibge. Ba a fara rabawa ba sai Fabrairu, domin babu umarnin da ya sa shi cikin abincin soja. Sojojin Birtaniya fiye da 20,000 suka mutu a wannan yaƙi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu cuta ce ta kashe su, ba harsashi ba.

A yaƙe-yaƙen baya da sai a rufe zancen. Amma wannan karon jaridar The Times tana da wakili a fagen daga, William Howard Russell, kuma rahotanninsa suna isa teburin karin kumallon mutanen Landan. A ƙarshen Janairun 1855 ɗan majalisa John Roebuck ya kawo ƙudurin a binciki yadda ake tafiyar da yaƙin. Ƙuri'a 305 suka goyi baya, 148 suka ƙi. Gwamnatin Lord Aberdeen ta faɗi.

A watan Yunin wannan shekara Dickens ya tsaya gaban taron wata ƙungiya mai neman gyaran aikin gwamnati, a gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane, ya ba su wani labari da ya cancanci a maimaita. Tun zamanin da, Baitulmalin Ingila da sanduna yake ajiye lissafi. A sassaƙa tsaga a jikin sanda gwargwadon kuɗin, a tsaga ta gida biyu, mai biya ya riƙe ɓari, hukuma ta riƙe ɓari. Ranar da gardama ta tashi sai a haɗa a gani. Dabara ce mai kyau a zamanin da mutane ba su iya karatu ba. A 1782 majalisa ta yi dokar soke ta, amma da sharaɗin ba za ta fara aiki ba sai masu riƙe da muƙaman sun gushe. Hakan bai faru ba sai 1826, shekara 44 bayan dokar. Ragowar sandunan, lodin amalanke biyu, suka ƙara shekara takwas a ajiye ana tunanin yadda za a yi da su. Dickens ya ce da an bar matalautan unguwar sun kwashe su sun yi girki, da an huta. Maimakon haka, ranar 16 ga Oktoban 1834 aka cusa su cikin murhunan da ke ƙarƙashin zauren Majalisar Dattawa. Wuta ta kama bututun hayaƙi, ta cinye zaurukan majalisun biyu kafin gari ya waye. Ginin majalisar da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a yau, mai hasumiyar agogo, shi ne aka gina a madadinsa.

Bayan wata shida Dickens ya fara fitar da Little Dorrit, daga Disambar 1855 zuwa Yunin 1857. A ciki ya ƙirƙiro wata ma'aikata da za a iya kira Ofishin Kewaye-kewaye, wadda ƙwarewarta ita ce sanin yadda za a hana abu yiwuwa. Dangi guda ne suka mamaye ta, ya kuma raɗa musu sunan wata halittar ruwa mai manne wa gindin jirgi. Duk wanda ya shiga da buƙata, a ba shi fom, a tura shi wani ɗaki, can kuma a ce ba nan ba ne. Wani injiniya a labarin ya yi shekaru yana neman gwamnati ta dubi ƙirƙirarsa, daga bisani ya kai ta ƙasar waje inda aka karɓe shi hannu bibbiyu. Daga nan kalmar ta zauna daram a bakin jama'a.

Gyaran ma bai tsira daga cutar ba. Rahoton Northcote da Trevelyan, wanda ya ce a daina ɗaukar ma'aikata ta hanyar sanayya a koma jarrabawa, an buga shi a 1854. An kafa hukumar ɗaukar ma'aikata a 1855. Jarrabawar da kowa zai iya shiga kuwa sai 1870, zamanin Firayim Minista Gladstone.

A Amurka tsofaffin sojoji ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, fanshon sojojin Arewa ya kumbura har ya kai fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da gwamnatin tarayya ke kashewa a farkon shekarun 1890. Sai da aka gina wa ma'aikatan fansho wani makeken gini na jan bulo a Washington, wanda yanzu gidan tarihi ne. Gurgu ko gwauruwa sai sun kawo shaidar likita da rantsuwar abokan yaƙi da takardar aure, duk a naɗe a ɗaure da jan ƙyalle. Fayilolin suna nan a ma'adanar takardun ƙasar, kantin ma'adanar kuma ya sha sayar wa baƙi guntayen tsohon ƙyallen a matsayin tsaraba. Mutum ta ƙarshe da ke karɓar fanshon wancan yaƙi, Irene Triplett, 'yar wani tsohon soja, ta rasu a 2020 tana amsar dala 73 da 'yan kai duk wata.

Wanda ya auna abin da awon gaske shi ne masanin tattalin arziki Hernando de Soto na ƙasar Peru. A 1983 cibiyarsa ta kafa ɗan ƙaramin shagon ɗinki a birnin Lima, ta sa mutanenta su yi masa rajista bisa ƙa'ida, kada su ba da na goro sai in hanya ta toshe gaba ɗaya. Sau goma aka nemi cin hanci a wurinsu, sau biyu suka biya don dole. Rajistar ta ci kwana 289. Mai kuɗi zai ɗauki lauya ya yi masa wannan zirga-zirga. Tela kuwa sai ya haƙura da rajistar, ya ci gaba da aiki a ɓoye, ba bashin banki, ba kariyar kotu. Wannan gwaji na cikin abubuwan da suka zaburar da Bankin Duniya ya fara auna sauƙin kasuwanci a ƙasashe a 2003, rahoton da ya dakatar a 2021 bayan an gano an taɓa alƙalumansa.

Jinkirin da ya ceci jarirai

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce a kawo almakashi kawai. 'Yan siyasa sun daɗe suna faɗar haka: mataimakin shugaban Amurka Al Gore ya sa kalmar a kanun rahotonsa na gyaran gwamnati a 1993, David Cameron ya ƙaddamar da gangamin datse ta a Birtaniya a 2011, Filifin ma ta yi doka mai ɗauke da sunan a 2007. Sai dai wani masani, Herbert Kaufman, ya nuna tun 1977 cewa ƙa'idar da wani ke tsinewa, ita ce katangar da wani ke fakewa a bayanta, kuma yawancin ƙa'idojin jama'a ne da kansu suka nema bayan wata ɓarna.

A watan Satumban 1960 wani kamfani ya nemi izinin sayar da maganin barci mai suna thalidomide a Amurka. Ana ta sayar da shi a Jamus ta Yamma tun 1957, ana kuma ba mata masu laulayin ciki. Takardun suka faɗa teburin wata sabuwar ma'aikaciya a hukumar kula da abinci da magunguna, Dokta Frances Kelsey. Doka ta ba ta kwana 60. Ta duba ta ga shaidar lafiyar maganin ba ta gamsar ba, ta ce a ƙaro bayani. Aka ƙaro, ta sake cewa bai isa ba. Wakilan kamfanin suka yi ta sintiri, suna kai ƙararta wurin shugabanninta, suna ganin ta a matsayin mai taurin kai da ke tare musu kasuwa. A ma'aunin Dickens, ita ce Ofishin Kewaye-kewaye. A ƙarshen 1961 aka tabbatar cewa maganin ne ke sa ana haifar jarirai babu cikakkun hannaye da ƙafafu, fiye da 10,000 a ƙasashe daban-daban. Amurka ta tsira da kaɗan, ta hanyar samfurin da aka raba wa likitoci. A 1962 Shugaba Kennedy ya ba ta lambar yabo, majalisa kuma ta ƙara tsaurara dokar magunguna, wato ta ƙara takardu.

Ɗaya gefen ya fi ɗaci. A 2009 gobara ta kashe mutum shida a wani dogon bene mai suna Lakanal House a kudancin Landan. A 2013 mai binciken musabbabin mutuwar ta ba gwamnati shawarar sake duba ƙa'idojin kariya daga gobara a gine-gine. A lokacin gwamnati na bin tsarin cewa duk sabuwar ƙa'ida ɗaya sai an rage nauyin biyu, daga baya aka mai da shi uku. Ba a kammala sake dubawar ba har ranar 14 ga Yunin 2017, lokacin da wuta ta bi rufin bangon benen Grenfell ta kashe mutum 72. Kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Martin Moore-Bick, a rahotonsa na ƙarshe a Satumban 2024, ya ce zafin son rage ƙa'idoji ya sa ma'aikatar da abin ya shafa ta yi watsi da batutuwan da suka shafi rayuka ko ta jinkirta su. Yaƙi da jinkiri ne ya haifi wannan jinkirin.

Bambancin Dokta Kelsey da mai makullin siton Scutari ba ya wuyar gani. Ita ta san abin da take jira, za ta iya faɗarsa, kuma in ya zo za ta sa hannu. Shi kuwa tsoronsa kada a tuhume shi ranar binciken kaya, ba lafiyar taguwa ko ta mai sa ta ba. Matsalar ita ce daga bakin taga, inda mai buƙata ke tsaye, su biyun kamarsu ɗaya.

Najeriya ta gaji kalmar tare da abin da take nufi. Sakatariyar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Zungeru, sannan suka mayar Kaduna, da tsarin Landan ta zo: fayil, lambar fayil, rubutun jami'i a kan na jami'i, daga teburin akawu har na Gwamna. Jaridun ƙasar masu fita da Turanci suna amfani da kalmar kamar a nan aka haife ta. A ranar 18 ga Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a wani umarni da ya wajabta wa ma'aikatun tarayya su wallafa sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin kowace hidima, tare da tanadin cewa buƙatar da aka bari wa'adinta ya wuce ba amsa, a ɗauka an amince da ita. A Fabrairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauƙaƙa kasuwanci wadda ta ba wannan tanadi ƙarfin doka. Jami'in da zai ƙi amincewa da buƙata, yanzu dole ya faɗi dalilinsa cikin wa'adi, kuma dalilin nan ma takarda ce da za a buɗe wa wuri a fayil.